Tsohon Sisili Biyu da Kabarin Razak

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na bar Funtua ba, kowa ya san yadda ake barin gida. Labarina ya fara ne ranar da aka sauke ni a Sanaiya, unguwar masana'antu ta Doha, da jaka ɗaya da takardar shaidar malanta a cikin leda. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da tarihi a sakandare. Dillalin da ya yi min hanya ya rantse da Allah cewa aikin ofis ne, har da na'urar sanyaya ɗaki. Na'urar kam na same ta, amma a cikin mota, don direba aka ɗauke ni a wani kamfanin yankan dutsen mabul. A fasfon da ya yi min kuwa ya zaftare min shekara takwas, wai ba sa son tsofaffi. Na ce to, tunda an mayar da ni yaro, Allah ya sa gwiwoyina su sami labari.

Mu takwas ne a ɗaki, gadaje sama da ƙasa: 'yan Nepal huɗu, 'yan Kenya biyu, sai ni, sai wani baƙin mutum mai faɗin kafaɗa da ke gadon samana. Na zauna a bakin gado ina kallon takalmina, ina tunanin matata Hajara da yara, sai na ji daga sama an ce, "Kai, ɗan Hausa ne?" Wallahi da na ji Hausa a wurin nan sai da ƙwalla ta cika min ido. Sunansa Razak, mutumin zangon Kumasi, zai yi shekara arba'in, aikinsa goge mabul da inji. Ya sauko ya zuba min wake da shinkafa irin nasu da yaji mai ɗan karen zafi, ya ba ni cokalinsa shi ya ci da hannu. Hausarsa ba ta bambanta mace da namiji, sai ya ce "uwana ya ce". Na yi ta gyara masa har ya gaji ya raɗa min suna Ticha.

Washegari da safe ana kiran sunaye, sai na ji shugaban leburori ya ce, "Isaac Kwabena!" Razak ya ɗaga hannu. Na dube shi, ya kashe min ido. Da muka keɓe ya ce, "Ticha, kakana daga Katsina ya zo Kumasi da fataucin goro. Ni a can aka haife ni, ubana ma haka. Amma dillali ya ce in na kai sunan Abdul-Razak Garba za a ce ni baƙo ne, in kawo shaidar kakan kakana, shekara sai ta wuce ban ga fasfo ba. Ya ba ni wannan suna, a takardar biza ya rubuta min addinin da ya dace da sunan." Ya yi dariya. "Allah dai ya san ni. Takarda kuma ba ta shiga kabari."

Aikina shi ne ɗauko babban gwanin kamfanin daga gidansa a Al Rayyan in kai shi Sanaiya, da yamma in mayar da shi. Wani tsohon Bature ne gajere, gashinsa fari fat, hannuwansa duk tabo. Sunansa Chiro, mu kuwa Baba Chiro muke ce masa. In ya shafa dutse da tafin hannu sai ya gaya maka inda zai tsage. Turancinsa gurgu ne, nawa ma ba na sarauniya ba ne, haka muke lallaɓawa. A rana ta uku, don in ja shi da hira, na ce masa ashe shi ɗan Italiya ne. Kai, kamar na taka masa gyambo!

"Fasfona ne ɗan Italiya," ya ce. "Ni ɗan Napoli ne, ɗan Daular Sisili Biyu."

Ni da na yi shekaru ina riƙe da alli ban taɓa jin wannan suna ba. Napoli ma ƙwallo kawai na san ta da ita. Na ce, "Baba, a taswira Sisili ɗaya na gani, ina aka kai ɗayar?" Daga ranar motata ta zama aji, ni kuma na koma ɗalibi. Cunkoson hanyar Sanaiya, da manyan motoci da ƙurar siminti, ya zama abin da nake fata ya daɗe.

Ya ce kafin a yi wata ƙasa mai suna Italiya, duk kudancin yankin da tsibirin Sisili masarauta ce mai zaman kanta. Larabawa sun mulki tsibirin kusan shekara ɗari biyu, su suka kawo lemo da dabarar ban ruwa. Bayansu wasu mayaƙa daga arewacin Turai suka kafa sarautar. Daga baya ta rabu gida biyu, sarki a tsibiri, sarki a Napoli, kowa na kiran kansa sarkin Sisili, shi ya sa da aka sake haɗe su aka ce Sisili Biyu. Sifaniyawa sun riƙe ta shekaru aru-aru ta hannun wakilai, kafin ta sami sarakunanta na ƙarshe. Idan ya zo nan sai muryarsa ta tashi: jirgin ƙasa na farko a duk yankin a ƙasarsu aka shimfiɗa, Napoli na cikin manyan biranen Turai, suna saƙar siliki, suna ƙera jiragen ruwa. Sai ga wasu mutane wajen dubu masu jajayen riguna daga arewacin yankin sun sauka a tsibirin a shekarar 1860, cikin 'yan watanni daula ta watse. Sarkin, yaro ne matashi, ya shige wata ganuwa a bakin teku shi da matarsa, aka yi ta luguden wuta a kansu wata uku, sannan ya miƙa wuya. Tun kafin ya miƙa wuyan ma aka yi wata ƙuri'a a bainar jama'a, e ko a'a, sojoji na kallo, aka ce kowa ya yarda a haɗe da arewa a yi ƙasar Italiya.

Halin malami ba ya barin mutum. Wata rana na ce, "Baba, tsakani da Allah, gidan da mutum dubu suka ture, ai dama gara ta gama cinye shi." Muka wuce shatale-tale biyu. Can ya ce gaskiya ne. Talakawa yunwa suke ji, masu gonaki sun danne su, mutum kaɗan ne ya iya karatu, sarakunan kuma ba sa jin shawara. "Ba aljanna ba ce," ya ce, "amma tamu ce. Bayan haɗewar sai sabon haraji da ɗaukar soja dole. Daga nan muka fara ɗaukar jaka muna bin duniya, har yau ba mu ajiye ba. Dube ni, shekara sittin da biyar ina yanka dutse a hamada." Na ce masa mu ma an taɓa haɗa mu da wasu ba tare da an tambaye mu ba, ga ni nan ina tuƙa shi. Ya yi dariya har da tari, ya ɓalle min rabin burodinsa.

Da aka fara jin ƙishin-ƙishin korona, ƙasarsa ce ta fara shan wuya a Turai. Kullum yana riƙe da waya yana kiran 'yarsa. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyenmu na ƙarshe ya ba ni labarin wata annoba ta zamanin Sifaniyawa da ta kwashe kusan rabin Napoli. Gawa ta fi ƙarfin masu binnewa, aka riƙa jibge ta a kogunan da ake haƙar dutse, babu suna babu addu'a. Bayan shekaru matan unguwa suka riƙa shiga kogon, kowace ta ɗauki ƙoƙon kai ɗaya ta wanke, ta riƙa yi masa addu'a kamar ɗan'uwanta. Na ce, "A'uzubillahi! Ƙoƙon kan mutum?" Ya ce, "Ticha, mu abin da muke tsoro ba mutuwa ba ce, mutuwar da babu mai cewa nawa ne."

Ba a yi mako biyu ba aka rufe ɓangarenmu na Sanaiya. Aka gitta shinge, ba shiga ba fita, abinci a leda ake kawo mana. Mutum takwas a ɗaki ɗaya ana ce mana mu nisanci juna. Masallatai a rufe, ni da Razak muke jam'i a ɗan lungun da ke tsakanin gadaje, ni liman shi mamu. Ƙirjinsa dama ba lafiyayye ba ne saboda ƙurar dutse. Ya fara tari, sai zazzaɓi, ranar huɗu numfashi ya gagara. Da hantsi motar asibiti ta zo. Suna fita da shi ya riƙe bakin rigata ya ce, "Ticha, in wani abu ya faru, kai ne ka san sunana." Na ce ya daina wannan zance, sai mun ci waken Sallah tare.

Kwana tara bayan nan mandub, wato wakilin kamfani mai harkar takardu, ya aiko a kira ni bakin ƙofa. Yana tsaye nesa da ni, fuska a rufe, da fayil a hannu. Ya ce Isaac ya rasu. Jirage ba sa tashi, iyalinsa sun amince a binne shi a nan. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

"Akwai magana ɗaya," in ji shi. "Takarda ta ce Kirista ne. Amma wani ya ce ya ga yana sallah tare da kai. In Musulmi ne, to takardar ƙarya ce, sai in kai maganar gaba, a binciki takardun duk 'yan ɗakinku. In takarda daidai take, khalas, shi ke nan, gobe a binne shi. Kai ne abokinsa. Yaya ne?"

Na tuna shekara takwas ɗin da aka zaftare min. Na tuna Hajara da cikin wata bakwai, da yara uku, da yadda a lokacin ake ta jin an sallami wane an mayar da wane gida. Ban yi dogon tunani ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Bakina ya buɗe da kansa na ce, "Ni sunan takarda na sani." Ya ce yalla, ya rubuta wani abu, ya shiga mota. Ba a yi minti biyu ana wannan magana ba.

Aka binne Razak a maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba, can yamma wajen Dukhan, ba wanka, ba likkafani, ba sallah. Wayarsa tana wurina. Da yamma mahaifiyarsa ta kira, tsohuwar da kowa ke ce wa Mma. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kai ne Ticha? Wa ya yi masa sutura?" Na ce ni da wasu 'yan'uwa Musulmi. "Sahu nawa aka yi?" Na ce uku. Ta ce Alhamdulillahi, yanzu hankalinta ya kwanta. Daga ranar na riƙa kiranta duk Juma'a. Da farko don in rage wa kaina nauyi ne, daga baya ta saba, in na makara sai ta sa a kira ni.

Da aka buɗe hanya na koma ɗaukar Baba Chiro, maganarsa ta farko ita ce, "Ina kabarin Razak?" Shi bai taɓa kiransa Isaac ba, ya sha ganinsa yana shimfiɗa kwali a bayan injin yana sallah. Na gangara gefen titi na tsaya na gaya masa komai. Na zaci zai tofa min yawu. Sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Ya ce bayan faɗuwar daular, wasu sojojin sarki da manoma sun hau duwatsu sun ci gaba da yaƙi. Sabuwar gwamnati ta kira su 'yan fashi. In an harbe mutum sai a ajiye gawarsa a dandalin ƙauye, duk wanda ya ce nasa ne a kama shi a matsayin mai ba su abinci. Kakar kakarsa tana da yara ƙanana lokacin da aka kawo gawar yayanta. Soja ya tambaye ta, "Kin san wannan?" Ta dube shi ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Aka jefa shi rami. "Da ta ce nata ne, da ban zo duniya ba," in ji shi. "Amma ta kai shekara casa'in, kuma an ce ba ta sake bi ta dandalin nan ba. Ba zan ce maka ba ka yi laifi ba, Ticha. Ka yi."

Washegari ya sa na rubuta masa Abdul-Razak Garba da baƙaƙen Larabci a takarda. Ya ɗauki wani guntun farin mabul, ya zauna da guduma da kurfi yana kwaikwayon rubutuna, shi da bai san alif ba. Ranar hutu muka je. Muka sami kabarin da ɗan allo mai sunan Isaac Kwabena. Ya kifa dutsen a kai, rubutun yana kallon ƙasa, yadda mai gadi ba zai ga komai ba sai farin dutse. Na yi addu'a irin tamu, shi ma ya yi irin tasu.

Shekara biyu suka wuce. Na koma wani ɗakin haya a Fereej Abdel Aziz, Hajara ta haifi ɗa na sa masa Abdul-Razak, ban taɓa ɗaukarsa a hannu ba. Gari ya cika da tutoci da baƙi saboda gasar cin kofin duniya. Italiya ba ta zo ba, Najeriya ma Ghana ta tare mata hanya. Baba Chiro ya ce shi ko a jikinsa, ƙasarsa ta mutu tun kafin a san gasar ƙwallo. Muna cikin wannan raha ne Mma ta gaya min a waya, cike da murna, cewa babban ɗanta Yusif ya sami shiga tawagar magoya bayan Ghana a matsayin makaɗin ganga. Ba ƙwallo ce ta kawo shi ba, kabarin ƙaninsa zai ziyarta.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Shaiɗan ya kawo min dabara mai sauƙi. Kaburburan Musulmi a nan duk kama ɗaya suke, tudun ƙasa da lamba. In kai shi in nuna masa kowanne, wa zai ƙaryata ni? Na nemi shawarar Baba Chiro. Ya ce, "Shekara ɗari da sittin 'yan arewacin Italiya suna tasu ƙaryar a kan daularmu, mu muna tamu. Ni ma da ita na fara maka, sai da ka tsare ni. Ba ni da bakin ba ka shawara. Amma in can yamma za ka, zan raka ka."

Na haɗu da Yusif a Al Rayyan, kusa da filin wasa, cikin hayaniyar ganguna. Da na gan shi gabana ya faɗi, kafaɗun Razak ne sak, sai furfura. Ya rungume ni ya ce, "Ticha! Mma ya ce kai ne ɗansa yanzu." Ya kawo min goro da yaji a kwalba. Washegari da safe na ɗauke shi, Baba Chiro yana baya. Har na kunna mota ban san inda zan nufa ba. Da muka zo mararraba hannuna ya karya sitiyari yamma. Tafiyar sama da awa ɗaya, Yusif yana ta labarin ƙuruciyar Razak, ni ina kallon kwalta.

Da muka tsaya ya ga gicciye a kan kaburbura, sai maganarsa ta yanke. Baba Chiro ya tsaya a bakin ƙofa. Na kai Yusif gaban allon, ya karanta sunan a hankali. Na durƙusa na ɗaga farin dutsen na nuna masa abin da ke ƙasa. Ya daɗe yana kallo.

"Sun tambaye ka?" ya ce.

"Sun tambaye ni."

"Me ka ce?"

"Na ce sunan takarda na sani."

Na so ya mare ni, wallahi da ya fi min sauƙi. Sai ya tambaye ni ina alƙibla. Na nuna masa. Ya cire takalmi ya tsaya, ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Na matso a bayansa ina jiran ya kore ni, bai juyo ba. Kabbara huɗu muka yi a tsakiyar rana, mu biyu. Da ya sallame ya ciro waya ya danna wurin ɗaukar murya, ya share ido da bayan hannu, ya ce, "Mma, na gani da idona. Wuri mai kyau, cikin Musulmi yake, har da dutse mai sunansa." Ya tura mata.

Muka dawo na sauke Yusif. Da ya sauka sai ya leƙo ta taga. Na ce, "Yaya Yusif, ka yafe min. Zan daina kiranta, ban cancanta ba."

"Yafiya ba a hannuna take ba, mai ita yana can inda ka bar shi," ya ce. "Kira kuwa ba za ka daina ba. Mma shekararsa tamanin, da kiranka yake lissafin mako. Kai ka fara, kai za ka ƙarasa." Kwalbar yajin ya bar min a kan kujera.

Baba Chiro ya koma Napoli bayan an gama gasar, ni ina nan ina tuƙi. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai in nemi inuwa in kira Kumasi. Mma ta tambaye ni lafiyar Hajara da takwaran ɗanta, ta ba ni labarin ciwon ƙafarta. In za mu yi sallama kuwa addu'arta ɗaya ce, ba ta canzawa: "Ticha, yadda ka yi wa Razak a ranarsa ta ƙarshe, Allah ya ba ka mai yi maka haka." Sai ta tsaya tana jira, kuma ba ta ajiye waya sai ta ji na ce amin.